Zuciya ta Biyu a Wuyan Jar Akuya

A bazarar da ta biyo bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin soja ke raba jar dawa tana kuma kiran kowa ya kama noman rani, akwai wata akuya a Kanan Bakashe mai zuciya biyu. Ɗaya tata ce, tana ƙirji inda Allah ya ajiye ta. Ta biyun kuwa Lokotoro Amani ne ya ɗinka mata a wuya, ƙarƙashin fata, ta gefen hagu. Duk wanda ya aza tafin hannu a wurin zai ji ta tana bugawa.

Amani ɗan garin ne. Ya yi karatun tiyata a Faransa, ya ƙare a wani ɗakin bincike inda ake cire zuciyar dabba a dasa wa wata. Bai gama aikin ba gwamnati ta kira 'yan karatun waje su dawo gida, aka tura shi asibitin Tasawa, inda ya shiga fama da masu gwaiwa da mata masu doguwar naƙuda da yaran da yunwa ta kama.

Abin da ake bincike a kai ba shi da wuyar faɗi. Jiki ba ya son baƙo. In an dasa masa zuciyar da ba tasa ba, cikin 'yan kwanaki zai gane, ya taso mata da ƙwayoyin jini masu tsaronsa. Sai ta kumbura, ta yi tauri, bugunta ya yi ta raguwa har ta tsaya. A shekarun nan ne aka samu wani sabon magani, sikulosporin, mai kamar mai, wanda ke hana masu tsaron tasowa muddin ana shan sa safe da yamma ba fashi. Da Amani zai taho, malaminsa ya ba shi kwali guda na maganin, suka yi alkawari. Zai gwada shi a kan jajayen awakin ƙasar Maraɗi. Wata abokiyar aikin malamin, Madam Kulodin, za ta zo da masu agaji kafin damina. In ta taɓa da hannunta ta ji zuciyar dashe na bugawa bayan ta haura wata guda, malamin zai roƙi ma'aikatar lafiya ta saki Amani ya koma ya ƙarasa karatunsa. In ba ta ji ba, shi ke nan, ya zauna da gwaiwa.

Awaki sun yi arha a shekarar, ana ta yanka su don kada su mutu a banza. Amani da abokinsa Mumuni, likitan dabbobi, suka yi aikin a kan uku. Ba sa taɓa zuciyar akuyar ta asali, ita ke riƙe da ranta. Ƙaramar zuciyar ɗan akuyan da ake shirin yankawa suke ɗauka, su haɗa ta da jijiyoyin wuya. Biyun farko ba a ba su magani ba, zukatan kuwa suka tsaya cikin mako, aka cire su, awakin suka ci gaba da tuƙarsu kamar ba a yi komai ba. Ta ukun aka sa mata magani. Mako ya wuce, zuciyar na bugawa.

Ana cikin haka kumandan, sojan da ke mulkin Tasawa, ya zo duba asibiti, ya zagaya bayan ɗakin tiyata ya tarar da akuya a ɗaure.

"Lokotoro, nan asibiti ne ko turke?"

"Bincike ne, mon kumandan."

"To, bincikenka ya yi kashi a bakin ƙofa. Kada in dawo in gan shi."

A lokacin ba a yi wa soja ƙarin bayani. Washegari aka ɗora akuya a amalanke da buhun dusa daga wajen Mumuni, Amani na biye a kan moto, wato babur, sai Kanan Bakashe, gidan Gwaggo Zara'u.

Gwaggo Zara'u yayar mahaifinsa ce, ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsa. Fari ya cinye mata awaki kaf, sai turakun suka rage a tsakar gida. Ta fito ta tsaya tana kallon akuyar, ta kalli ƙullutun da ke motsi a wuyanta, ta kalli Amani.

"Yanzu karatun da ka tahi yi ke nan? Sa ma akuya zuciya a maƙoshi?"

"Shi ne, Gwaggo."

"To in ta ga kura, da wacce za ta ji tsoro?"

"Da tata. Waccan baƙuwa ce, ba ruwanta."

"Baƙuwa ba ta jin tsoro? Lalle ba ta san garinmu ba."

Ta karɓi igiyar duk da haka, ta ɗaure akuyar a turken da ya fi inuwa. Amani ya nuna mata yadda za ta zuƙo maganin da sirinji marar allura har zuwa wani zane da ya yi da jan fenti, ta matse shi a kan dusa ta cuɗa. A asibiti mutum biyu ke danne akuyar kafin a zuba mata a baki, don ta tsani ɗanɗanonsa. Ya ga tsohuwa ita kaɗai ba za ta iya wannan kokawa ba, shi ya sa ya ce a dusa. Bai tambaye ta ba.

"Safe da yamma, Gwaggo. Ko sau ɗaya kada a tsallake."

"Na ji. Sallah biyar nike yi ban mancewa, bale biyu."

Ya riƙa zuwa ranar Juma'a da duk ranar da ya samu man moto. Zuwan farko ya sami zuciyar lafiya lau, tana harbi a tafinsa kamar ƙaramin tsuntsu. Ya kuma sami gidan cike da mata, don labari ya kai har garin Sarkin Hausa, masu zuwa kasuwa na ratsowa su taɓa su yi salati. An sa mata suna Mai Zuci Biyu. Gwaggo ta kafa doka, ba mai taɓawa sai ya wanke hannu, ba kuma mai taɓawa sau biyu.

Juma'ar da ta biyo ya ga kamar bugun ya ɗan yi sanyi, ya ce zafin rana ne. Wadda ta zo bayanta kuwa, da ya sauko daga masallaci ya shiga gidan, tun daga nesa ya ga wuyan ya ƙara girma. Ya durƙusa ya taɓa. Wurin da zafi. Zuciyar ta yi tauri kamar ɗanyen goriba, bugun na can ciki, sai ya danna sosai yake jin sa. Akuyar ta sunkuyar da kai, kunnuwa a zube.

Ya san wannan. Ya taɓa shi a wuyan awaki biyun farko kwana kaɗan kafin zukatansu su tsaya.

Ya ce a kawo kwalbar maganin. Ya ɗaga ta a rana ya duba: maganin ya ragu daidai yadda ya kamata ya ragu.

"Ba ki tsallake ba?"

"Amani, ni kake tambaya?"

"Har jan zanen kike zuƙowa?"

"Har shi. In ka ga dama ka kira maƙwabciyata Hindu, a gabanta nike yi."

Ya zauna a kan tabarma. In an ba da maganin daidai kuma jiki ya ƙi zuciyar, ke nan maganin ba ya aiki a awakin nan, ko zafi ya lalata shi a hanya. Ko wanne ne, Madam Kulodin za ta zo ta taɓa nama marar motsi. Gwaggo ta kawo masa fura ya sha kaɗan ya ajiye. Ya fasa komawa Tasawa da wuri, ya ce bari ya jira rana ta yi sanyi.

Bayan la'asar Gwaggo ta tashi ta jawo wani tsohon turmi da ya tsage, wanda ta mayar kwamin dabbobi. Ta auna dusa, ta yayyafa ruwa, ta zuƙo magani har jan zane, ta matse, ta cuɗa da hannu. Amani na kallo, bai ga kuskure ko ɗaya ba. Sai ta buga gefen turmin da muciya sau biyu.

Ta wata kafa a jikin darni wata baƙar akuya ta kunno kai, ƙasusuwanta a waje. Bayanta wasu biyu, uwa da 'yarta. Suka nufi turmin kai tsaye kamar masu zuwa gidan biki da aka gayyata. Mai Zuci Biyu ta taso a hankali ta sa baki, baƙar ta ture ta da kafaɗa. Kafin ta ci loma uku an lashe turmin.

Amani ya miƙe.

"Gwaggo, waɗannan fa?"

"Baƙar ta Hindu ce. Biyun na Safi."

"Tun yaushe suke ci a nan?"

"Tun da suka ji warin dusa. Akuya ce, ba ta da hanci?"

"Maganin fa? Nata ne ita kaɗai!"

"Ai ban rage mata ba, duka nike zubawa. Kuma maganin da ya riƙe zuciya biyu, in mai guda ta lasa ai sai ta ƙara ƙarfi. Dubi ta Hindu, da ba ta iya tsayuwa."

Daɗi da haushi suka zo masa tare, bai san wanda zai fara ba. Maganin bai lalace ba. Raba shi ake yi huɗu, mai rabon kuma ita ce ta fi samun kaɗan.

"Dusar ce ta tayar da ita, ba maganin ba," ya ce. "Wannan ba na ƙarfi ba ne. Kin ga, jiki yana da sojoji a cikin jini, masu kashe duk baƙon da ya shigo. Aikin maganin nan shi ne ya kwantar da sojojin, ya sa su barci, su kasa..."

"Kai! Rufe bakinka!" Gwaggo ta waiga wajen darni, ta rage murya. "Mi kake son jawo muna? Maganin sa sojoji barci, a gidana? Ɗan Safi gardi ne, dogarin gwamnati, ka manta?"

"Na jini nake nufi, Gwaggo."

"Ko na miya ne. Ka sake masu suna."

Aka sake masu suna, suka koma karnukan gida. Ya ce karnukan jar akuya ba su samu abin da zai kwantar da su ba, shi ya sa suka taso wa baƙuwar zuciya. Na awakin maƙwabta kuwa an kwantar da su ba dalili, kowace cuta ta zo za ta shiga ba mai haushi. Daidai nan baƙar akuya ta yi tari, irin mai fitowa daga ƙirji.

"Tun shekaranjiya take yin shi," in ji wata murya daga bayan darni. Hindu ce, tsohuwa tsarar Gwaggo, wadda ashe tana tsaye tun ɗazu. "Sannu da zuwa, Lokotoro. Ni dai na ce ƙaiƙayi ne."

"Ba ƙaiƙayi ba ne, Inna. Zan turo Mumuni ya duba ta." Ya juya ga Gwaggo. "Daga yau a toshe kafar nan. Ita kaɗai za ta ci."

"A'a."

"Gwaggo..."

"Na ce a'a. Ni da Hindu tun muna 'yan mata turmi guda muke daka. Shekarar ga kowa ya ga abin da ya gani. In zuba dusa, akuyarta na leƙe ta darni, in kore ta? Gobe da wane ido zan gaishe ta a rijiya?"

"To a shigar da ita ɗaki, ta ci a can."

"Ka ji shi. A ci a ɓoye cikin yunwa. Wanga ai ya fi korar muni. Faransa haka suke yi?"

"Ni ba ruwana," in ji Hindu, ba ta kuwa matsa daga inda take ba.

Amani ya duba hanyoyin da suka rage masa. Asibiti, kumandan ya hana. Gidansa na Tasawa ɗaki ne guda a cikin gidan ma'aikata, kusa da barikin jandarma. Mumuni kullum yana daji wajen allurar shanu. Ya san kuma Gwaggo: in ta ce a'a sau biyu, na ukun ba ya zuwa da sauƙi.

"Da a baki ake zuba mata," ya ce, kamar mai magana da kansa. "Amma sai mutum biyu sun danne ta. Ba za ki iya ba."

Gwaggo ta ajiye muciya.

"Ɗura kake nufi?"

"Kusan haka."

"Ɗura ce ba zan iya ba? Hindu, kin ji? Wa ya yi mashi ɗura har ya yi wayo?"

"Ke ce. Yana ihu har kasuwa ana ji."

"Kunun kanwa, jiƙon sabara, man shanu. Ka fi akuyar ga gardama, ga ka nan kuwa ka zama lokotoro."

Amani ya yi wata da watanni a asibiti yana yi wa uwaye faɗa su daina yi wa jarirai ɗura, don kunu na sarƙe su ya gangara huhu. Gwaggo ta san da haka, matan garin sun kawo mata ƙara. Ta dube shi tana jira ya ce wani abu.

"Ga jarirai ba kyau," ya ce. "Ga akuya ba laifi."

"Allah ya nuna mani ranar."

Ta zuƙo wani maganin har jan zane. Ta kama akuyar ta saƙale ƙirjinta tsakanin gwiwoyinta, ta kauce wa wuyan, ta tallafi haɓar da hannun hagu, ta sa ɗan yatsa ta gefen baki inda ba haƙori, ta matse sirinjin a hankali tana shafa maƙoshi ta dama. Akuyar ta haɗiye kafin ta gane an cuce ta. Ta yi atishawa, ta girgiza kai, ta koma turke.

Aka tsayar da magana a nan. Dusa ta kowa ce, a ci gaba da buga turmi. Magani na mutum ɗaya ne, ta baki.

Sai dai wannan bai isa ya kashe wutar da ta riga ta kama ba. Amani ya hau moto ya koma Tasawa, ya dawo da sassafe da allurar kortizon, wadda ake bugawa da yawa a 'yan kwanaki don a danne masu tsaron da suka riga suka taso. Ya yi mata, ya koma bakin aiki. Haka ya yi ta yi, ya zo da asuba ya koma kafin layin marasa lafiya ya yi tsawo. Rana ta farko ba wani canji. Ta biyu ma haka, har ya ga kamar bugun ya ƙara nisa. Gwaggo ba ta tambaye shi komai ba, fura kawai take miƙa masa. Mumuni ya zo ya yi wa baƙar akuya allura, ya saurari labarin turmi, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

Ranar kasuwar garin Amani ya aza hannu ya ji zafin ya sauka. Ƙullutun ya ɗan saki. Bugun bai koma kamar da ba, amma ba sai ya danna ba. Da rana, in ji Gwaggo, akuyar ta tunkuyi ta Hindu ta kore ta daga turmi, Hindu ta zo har gida ta kawo ƙara.

Madam Kulodin ta iso bayan mako biyu, hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. Doguwa ce mai furfura, ta zo cikin motar masu agaji, rabin garin na biye da ita. Gwaggo ta tare ta a bakin turke da buta da sabulu. Madam ta wanke hannu ba musu, ta durƙusa, ta aza tafi a wuyan akuyar tana kallon agogonta. Ta daɗe. Sannan ta bi gefen zuciyar da yatsu, ta tsaya a wani wuri.

"Tana bugawa, kuma daidai," ta ce da Faransanci. "Amma nan akwai tauri. Jikin ya taɓa ƙin ta, ko?"

Amani ya yi niyyar ya ce kaɗan ne. Sai ya ga ba amfani, yatsunta sun riga sun faɗa mata. Ya ba ta labarin duka, da turmin da kafar darni da ɗurar. Ta tambayi awaki nawa suka ci, tsawon wane lokaci, kortizon nawa ya buga. Ta ce a nuna mata sauran awakin, aka jawo su, ta buɗe bakin baƙar ta duba dasashinta. Da ta miƙe tana karkaɗe gwiwa, dariya take yi.

"A wurinmu sai mun yi wata muna shiri kafin mu rage wa dabba magani mu ga abin da zai faru, mu mayar mu ga ko za ta farfaɗo. Kai gwaggonka ta yi maka." Ta goge hannu. "Ka rubuta shi yadda ya faru, kada ka gyara komai. Zan gaya wa malaminka na taɓa da hannuna. Ka fara shiri, bayan damina."

Gwaggo ta ja hannun rigarsa.

"Mi ta ce? Na ji tana gwaggo-gwaggo."

"Ta ce aikin ya yi. Za su nemi a sake ni in koma."

"Shekara nawa?"

"Biyu, in Allah ya so."

Gwaggo ta sunkuya ta gyara igiyar akuyar, wadda ba abin da ya same ta, ta daɗe tana gyarawa.

"Ita fa?"

"Sai in cire mata ta wuyan kafin in tafi, ta huta da magani. Ta zama taki."

"Ka cire? Bayan duk wahalar da muka sha?" Ta miƙe ta riƙe ƙugu. "Ba mai taɓa ta. Baƙuwa ta zauna, an saba. Kwalabe nawa suka rage?"

"Ba za su kai shekara biyu ba, Gwaggo."

"To ka hwaɗa ma wagga doguwar ta aiko da wasu. Tambaye ta yanzu, tun tana nan."

Amani ya juya ya fassara. Madam Kulodin ta dubi tsohuwar, ta dubi akuyar, ta ce za ta gani.

"Ta ce za ta gani."

"Za ta gani ba magana ba ce. Ce mata ta zauna, an dama fura."

Madam Kulodin ta zauna a kan tabarma.